Wutar Ƙaiƙayi Ta Fi Wutar Kara Daɗewa

Akwai wani irin littafi wanda masu zurfin ilimin boko suka daɗe suna yi wa kallon raini, amma jama'a ba su fasa sayensa ba tun fiye da shekara ɗari uku har ya zuwa yau. Shi ne littafin soyayya wanda aka gina labarinsa cikin zamanin da, zamanin sarakuna da dawaki da wasiƙar hannu, inda saurayi da budurwa za su haɗu tun shafi na goma, mai karatu ya gane da wuri cewa zukatansu sun kamu, amma sai an ci shafi ɗari uku ko huɗu kafin ɗayansu ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Wanda bai saba ba yakan ce wannan ɓata lokaci ne, tun da kowa ya san inda za a kwana. Masu karanta irin waɗannan littattafai kuwa, galibinsu mata, sun san cewa jinkirin nan shi ne abin da suka biya kuɗinsu dominsa. Kuma suna da gaskiya, muddin dai jinkirin yana da dalili na ƙwarai.

Bahaushe ya san wuta iri biyu. Akwai wutar kara, wadda kan tashi nan take ta haske gida, kafin a ɗora tukunya ta zama toka. Akwai kuma wutar ƙaiƙayi, wadda ke ci ta ƙasa babu harshe, har mai wucewa ya ɗauka ta mutu, sai ya taka ya ji. Labarun da ake magana a kansu irin wuta ta biyu ce, kuma abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya sa marubutansu ke komawa zamanin da domin su hura ta.

Tarihi ne ke gina katanga

Labarin soyayya ba ya tafiya sai da abin da ya raba masoya. In babu katanga tsakaninsu, labari ya ƙare tun ranar haɗuwa. Marubucin da ya ɗauki zamanin salula da jirgin sama dole ya wahala wajen ƙago dalilin da zai hana mutum biyu magana har shekara guda, domin mai karatu zai ce: me ya hana shi ya kira ta? Wanda ya koma baya kuwa yana iske katangar a gine, ba shi ya aza tubalinta ba.

A dubi ƙasar Ingila, inda mafi yawan waɗannan labarai suke faruwa. Dokar aure ta shekara ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye, shi ya sa masoya suka riƙa gudu zuwa wani ƙauye mai suna Gretna Green a bakin iyakar Sikotland, inda dokar ba ta kai ba. Kafin shekara ta 1857, mai son rabuwa da matarsa har ya sake wani aure sai majalisar dokokin ƙasa ta yi masa doka ta musamman, abin da sai attajiri ke iyawa. Dukiyar mace kuwa takan koma hannun miji ranar ɗaurin aure, har sai da aka yi dokokin 1870 da 1882 suka gyara lamarin. A Faransa ma an soke sakin aure cikin 1816, ba a maido da shi ba sai 1884. Daɗin daɗawa ga nisa: kafin a buɗe mashigin ruwa na Suwez cikin 1869, jirgin ruwa mai tafiya da iska yakan yi watanni tsakanin Landan da Indiya, watau wanda ya aika tambaya cikin wasiƙa yana iya shekara bai ji amsa ba.

A irin wannan duniya, budurwar da ta ce "na yarda" ta miƙa rayuwarta ke nan gaba ɗaya, da dukiyarta da ƴaƴan da za ta haifa, kuma babu ƙofar komawa. Saboda haka in ta yi jinkiri, ta tsaya tana auna halin mutum, hankali ne ta yi. Mai karatu yana jin nauyin abin, shi ya sa yake haƙurin jira tare da ita.

Misalai daga Faransa da Italiya

Duk wanda ya yi lise ya ji sunan La Princesse de Clèves, littafin Madame de Lafayette wanda ya fito cikin 1678 ba tare da sunan mai shi ba. Ta mai da labarinta baya da kamar shekara 120, zuwa fadar Sarki Henri na biyu wanda ya rasu cikin 1559. Yarinya ce ƴar shekara goma sha shida aka aurar da ita ga wani basarake mai mutunci, wanda take girmamawa amma ba ta so. Bayan aure ta haɗu da Nemours wajen taron rawa na fada. Daga nan har kusan ƙarshen littafi babu abin da ya shiga tsakaninsu sai kallo da shiru. Wata rana ya saci ɗan ƙaramin hotonta na zane, tana ganinsa, ta kasa tona shi, kuma wannan shirun nata ya fi dogon jawabi bayyana abin da ke zuciyarta. Daga baya ta faɗa wa mijinta gaskiya domin ya taimake ta ta nisanci fada, baƙin ciki da zargi suka kashe shi. Da hanya ta buɗe, kowa na jiran biki, sai ta ƙi auren Nemours. Dalilinta biyu ne: haƙƙin marigayi, da tsoron cewa katangar da ke tsakaninsu ce ta riƙe son nasa, ranar da ta faɗi shi ma zai huce. Ashe tun ƙarni na 17 wannan marubuciya ta gano sirrin irin labarin da take rubutawa, ta sa shi a bakin tauraruwarta.

Littafin bai tsufa ba. Cikin 2006 Nicolas Sarkozy, kafin ya zama shugaban ƙasar Faransa, ya yi ba'a da yadda ake tambayar masu neman aikin gwamnati labarinsa a jarrabawa. Cikin 2009 malamai da ɗalibai suka fito bisa titi suna karanta shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe domin nuna rashin yardarsu, cinikinsa kuma ya ƙaru.

A Italiya akwai I Promessi Sposi na Alessandro Manzoni, watau waɗanda aka yi wa baiko, wanda ya fito cikin 1827, mai shi ya sake gyara harshensa ya fitar tsakanin 1840 da 1842, kuma har yau ana karantar da shi a makarantun ƙasar. Masoyan nan talakawa ne, Renzo da Lucia, masu aikin alharini a wani ƙauye kusa da tafkin Como. Cikin watan Nuwamba na 1628, ana gobe ɗaurin aurensu, wani mai ƙarfi da ya sa ido kan yarinyar ya aiko ƴan ta'addarsa suka tsorata limamin cocin ƙauyen, ya ƙi ɗaura auren. Daga nan yunwa ta shigo, aka yi boren burodi a birnin Milan, sojojin haya suka ratsa ƙasa, sa'an nan annobar 1630 ta share jama'a. Shekara biyu masoyan suna rabe. Da yake ba su iya rubutu ba, sai Renzo ya nemi mai rubuta masa wasiƙa zuwa ga uwar yarinyar, ita ma ta nemi mai karanta mata da mai mayar da amsa, kowane marubuci ya ƙara nasa gishiri, har saƙo ya isa a karkace. Wanda ya taɓa ganin masu rubuta wasiƙa zaune bakin gidan waya ya san wannan ba ƙage ba ne. Babi 38 mai karatu ke bi kafin a ɗaura auren da aka shirya tun babi na farko, kuma a hanya ya koyi yadda zalunci da yunwa da cuta suke yi wa talaka.

Ƙaramin abu mai nauyi

Dalili na biyu na farin jinin waɗannan labarai shi ne yadda suke mai da ƙaramin abu babba. Inda al'ada ta hana saurayi da budurwa keɓewa, ɗaga ido ma magana ce. Jane Austen ta ƙasar Ingila ita ce gwanar wannan fanni, ko da yake ita zamaninta ta rubuta, daga baya ne ya zama tarihi. A cikin Persuasion, wanda ya fito ƙarshen 1817 bayan rasuwarta, an lallashi Anne tana da shekara 19 ta rabu da wani hafsan sojan ruwa saboda ba shi da dukiya. Bayan shekara takwas ya komo da arziki da kuma fushi. Suna haɗuwa cikin taro, gaisuwa kawai ke haɗa su. Wata rana wani yaro ya hau bayanta ya ƙi sauka, sai mutumin ya zo ya ɗauke shi bai ce kome ba. Wata rana kuma ya lura ta gaji da tafiya, ya sa aka ɗauke ta cikin keken doki. Abin da ya faru ke nan, amma mai karatu yana jin zuciyarsa na bugawa, domin ya san labarin zuciya a tambayi fuska.

Cikin 1935 Georgette Heyer ta fitar da Regency Buck, ta buɗe hanyar da ɗaruruwan marubuta suka bi bayanta. Ta zaɓi shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na uku ba shi da lafiya ɗansa ya riƙe masa sarauta, watau zamanin Austen. Da yake ita ba ta rayu a lokacin ba, sai ta tara littattafan tarihi da kundaye na abin da ta tsinto game da tufafi, da kekunan doki, da farashin kaya, da karin maganar mutanen wancan zamani. Ta rubuta littattafai fiye da 50 kafin ta rasu cikin 1974. Daga wannan reshe ne Julia Quinn ta fito da jerin Bridgerton tun daga shekara ta 2000, wanda kamfanin Netflix ya mayar wasan telebijin cikin Disamba 2020, duniya ta kalla.

Amfanin wannan tafiya ta sannu a bayyane yake. Kyau ana ganinsa rana ɗaya, hali kuwa sai an zauna. Cikin shafi ɗari uku mai karatu yana ganin yadda saurayin ke yi wa barorinsa magana, da abin da yake yi in ya yi hasara, da yadda yake riƙe alkawari in babu mai ganinsa. Yana ganin budurwar ta yi kuskuren fahimta ta gane, ko girman kai ya rufe mata ido ta sauke shi. In aka zo ƙarshe suka yarda da juna, mai karatu ya zama shaida, domin an auna su a gabansa. Matashin da ya saba da irin wannan karatu ya sami horon da ba a bayarwa a lakwal, watau ya duba aikin mutum kafin ya saurari zaƙin bakinsa.

Larabawa ma sun san amfanin haɗa so da tarihi. Jurji Zaidan, wanda aka haifa a Bairut cikin 1861 ya rasu a Alƙahira cikin 1914, shi ya kafa mujallar Al-Hilal cikin 1892, kuma ya rubuta ƙagaggun labarai fiye da ashirin kan tarihin Musulunci, irin su wanda ya yi kan buɗe Andalus na shekara ta 711. Kusan kowane ɗaya yana da masoya biyu waɗanda yaƙi ko makircin fada ya raba. Shi kansa bai ɓoye niyyarsa ba: tarihi yake son koyarwa, soyayyar kuwa ita ce igiyar da ke jan mai karatu har ƙarshe. Mutane da yawa waɗanda ba za su taɓa buɗe kundin tarihi ba ta wannan hanya suka san sunayen halifofi da birane.

Inda masu suka suke da gaskiya

Duk da haka ba a ce kowane littafi mai kauri da hoton gimbiya a bango abin yabo ne ba. Masu suka suna da hujja biyu waɗanda ba a ture su da hannu ɗaya.

Ta farko ita ce wanke tarihi. Manyan gidajen nan na Ingila da ake rawa cikinsu, da yawansu da kuɗin rake da auduga aka gina su, kuma bayi ne ƴan Afirka suka noma. Ingila ta hana cinikin bayi cikin 1807, amma bautar kanta sai da dokar 1833 aka soke ta, sa'an nan gwamnati ta biya iyayengijin bayi diyyar fam miliyan 20, bayin kuwa ba su sami ko anini ba. Faransa ta soke bauta cikin 1794, Napoleon ya maido da ita cikin 1802, ba ta ƙare ba sai 1848. Mafi yawan labarun soyayyar wancan zamani ba su ko ambaci inda dukiyar ango ta fito. Mafi muni shi ne Gone with the Wind na Margaret Mitchell, na shekara ta 1936, wanda aka yi silimansa cikin 1939: ya nuna gonakin bayi na kudancin Amurka kamar wata aljanna da yaƙi ya rushe, bayi kuma suna murna da ƙanginsu. Mai karatu ɗan Afirka ba shi da uzurin haɗiye wannan ba tare da ya tauna ba.

Maganin abin yana cikin fannin kansa. Beverly Jenkins, baƙar fata ƴar Amurka, tun 1994 take rubuta soyayyar baƙaƙen ƙasarta na ƙarni na 19. A cikin littafinta Indigo na 1996, tauraruwar tsohuwar baiwa ce wadda aikin marina ya rina wa hannuwa da shuni har abada, tana ɓoye bayi masu gudu a gidanta a jihar Michigan, har aka kawo mata wani mutum da aka yi wa dukan kawo wuƙa ta yi jinyarsa. A nan katangar da ke tsakanin masoya ita ce bautar kanta da tabon da ta bari, kuma labarin bai rasa zaƙinsa ba don an faɗi gaskiya.

Hujja ta biyu ta fi kusa da gida. Da yawa cikin waɗannan labarai da auren dole suke farawa. A cikin Angélique na Anne Golon, wanda ya fito a Faransa cikin 1957 aka kuma yi silima biyar da shi tsakanin 1964 da 1968, an aurar da yarinya saboda talaucin gidansu ga wani attajirin basarake mai tabo a fuska, mai ɗingishi, wanda ake ce wa matsafi, a zamanin Sarki Louis na 14. Ta shiga gidansa tana ƙyamarsa. Shi kuwa ya ƙi tilasta mata, ya jira har ta so shi don kanta. Labari ne mai daɗi, amma akwai haɗari in uba ko yarinya suka ɗauka cewa haka auren dole yake ƙarewa, a yi haƙuri so zai zo daga baya. A rayuwa ba haka abin ya saba kasancewa ba, kotuna da asibitoci shaida ne. Abin da ya kamata a tsinta cikin labarin shi ne cewa mutumin yana da iko bisa doka da al'ada, amma ya ajiye ikon ya nemi yarda. Littafin da ya nuna haƙurin mace kawai, namiji kuwa yana yin abin da ya ga dama har ta saba, wannan zuma ce aka shafa wa zalunci.

Saboda haka ma'auni ɗaya ne. A duba abin da ya raba masoyan. In doka ce ta gaskiya, ko yaƙi, ko bambancin asali, ko alkawarin da aka ɗauka, ko wani aibi cikin halinsu wanda sai sun gyara, to jinkirin yana da tushe, kuma kowane babi yana ƙara wani abu. In kuwa rashin fahimta ce wadda magana ɗaya za ta warware, marubuci yana ja ne kawai domin a sayi littafi na biyu da na uku, to tarihin riga ce ta aro, mai karatu kuma an ci kuɗinsa.

Filin da ke jiran manomi

Masu karatu na wannan yanki ba baƙin labarun soyayya ba ne. Littattafan Harlequin sun shigo cikin Faransanci tun daga 1978, jerin Adoras na Abijan ya biyo cikin 1998. Da Hausa kuwa, tun So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed cikin 1980, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino cikin 1991, littattafan Kano suka ƙetaro iyaka har kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Sai dai galibinsu labarin yau suke bayarwa. Masu komawa tarihi kuma, kamar Abubakar Tafawa Ɓalewa cikin Shaihu Umar na 1934, ko Abdoulaye Mamani cikin Sarraounia na 1980, bauta da yaƙi suka sa gaba. Tsakanin biyun akwai fili wanda bai sami manoma da yawa ba.

Kayan aiki kuwa suna nan jibge. Fataken goro sukan yi watanni tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ayarin da ke tashi daga Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, ya bi ta Agadas ya nufi Tarabulus, ba a sa masa ranar komowa. Mahajjacin ƙasa da ya bi ta Cadi da Sudan yakan yi shekaru, wani ma can ya zauna. Katsinawan da jihadin 1804 ya tayar daga birninsu suka kafa Maraɗi sun bar dangi da alkawura a baya. Ga kunya, wadda ke hana mace faɗin sunan mijinta, ga katangar da ke tsakanin ɗa da bawa, da tsakanin gidan sarauta da gidan sana'a. Marubucin da ya zauna da tsofaffi da maroƙa da kundayen malamai, ya koyi yadda mutanen wancan lokaci suke sa tufafi da yadda suke gaisuwa, kuma ya yarda ya faɗi ɗacin zamanin tare da daɗinsa, zai sami masu karatu suna jiransa. Mutanen da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa ba za su gaji da labarin masoya biyu da suka jira ayari shekara uku ba.